Katin Banki, Kuɗin Ruwa da Biyan Wata-wata: Tambayoyin da Aka Fi Kawo Mini a Garwa

Sana'ata riƙe wa 'yan kasuwa littafin lissafi, kuma teburina bai da nisa da babbar kasuwar Garwa. Tun da kati ya yawaita a aljihun mutane, da wuya mako ya wuce wani bai shigo mini da takardar banki a ninke cikin hula ba, duk Faransanci, yana cewa, "Malam, duba mini, me ke cin kuɗina?" Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Ruwan kashi 18 cikin ɗari da za ku riƙa gani a ƙasa misali ne na ɗauka don lissafi ya fito fili. Kowane banki da nasa farashin, kuma yana rubuce a yarjejeniyar da ka sa wa hannu.

Katin da ke aljihuna, katin bashi ne?

Mai yiwuwa ba shi ba ne. A nan Kamaru da Chadi bakin mutane ya saba kiran kowane kati "carte de crédit", alhali mafi yawansu ba su ba da bashin ko dala. Akwai katin da ke cire kuɗi kai tsaye daga asusunka: ka sayi kaya yau, kuɗin ya fita yau. Akwai wanda kake zuba masa kuɗi tukuna kafin ka kashe, kamar kuɗin waya, idan ya ƙare ya ƙare. Akwai wanda banki ke tara duk sayayyarka ta wata ya cire gaba ɗaya a rana guda, galibi ƙarshen wata, wanda takarda ke kira "débit différé". Na ƙarshe shi ne katin bashi na ainihi, "crédit renouvelable": banki ya ware maka wani adadi, ka ci, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, abin da ya saura yana haihuwar ruwa, abin da ka biya kuma ya sake zama a shirye don ka ƙara ci.

Tambarin Visa ko Mastercard ko GIMAC da ke jikin katin ba ya gaya maka wanne ne. Waɗannan hanya ce kawai da kuɗi ke bi tsakanin bankuna da 'yan kasuwa. Bankinka ne ke ba ka bashi, shi ne kuma ke yanka ruwa.

Sai dai akwai abin da ya fi katin bashi yawa a wurinmu, musamman tsakanin masu albashi: banki ya bar asusunka ya nutse ƙasa da sifiri, wato "découvert". Katinka na cirewa ne, amma idan ka zarce abin da kake da shi, bashi ka ci, kuma ruwansa shi ne agiyo da kake gani a takardar wata. Yawancin abin da zan faɗa nan gaba ya shafi mai wannan ma.

An ce mini katina yana da 500,000. Kuɗina ne?

A'a. Iyakar abin da aka yarda ka ranta ke nan. Na banki ne, kai dai an buɗe maka ƙofar ɗakin.

Yaya ake lissafa kuɗin ruwan?

Ana faɗin farashin a shekara, amma ana ƙirga shi kullum. A ce ka ci sefa 200,000, ruwan kuma kashi 18 cikin ɗari a shekara. Ruwan shekara guda 36,000 ke nan. Raba shi wata goma sha biyu, 3,000 kowane wata. Raba shi kwanaki, kusan sefa 100 a kowace rana, dala ashirin, kuɗin ƙosan karin kumallo. Kana barci yana ƙirguwa, ranar Juma'a da ka rufe shago ma yana ƙirguwa.

To ga inda mutane ke ɓata lissafi. Idan wata ya cika ka kai 10,000, banki yana fara cire ruwansa 3,000, sai 7,000 ta sauka kan uwar kuɗin. Saura 193,000. Wata na biyu ruwan ya zama 2,895 tunda uwar ta ɗan ragu, 7,105 ta sauka kanta, saura 185,895. Haka za a yi ta tafiya, ruwan na raguwa a hankali, rabon uwar kuɗi na ƙaruwa. Saboda haka duk biyan da ka yi kashi biyu ne, kuma tambayar da ta kamata ka riƙa yi wa takardar wata ita ce: cikin abin da na kai, nawa ne ya taɓa uwar?

A katin bashi, ruwan da ba a biya ba ana iya haɗa shi da uwar, shi ma ya fara haihuwa. Wanda ya bar 200,000 shekara cur bai biya komai ba, idan ana haɗawa kowane wata, zai tarar da 239,124 maimakon 236,000. Ban sa tara a ciki ba, ban sa haraji ba. Harajin TVA, wanda ake ɗorawa kan kaya da hidima, kashi 19.25 ne a Kamaru, kuma za ka gan shi a gefen kuɗaɗen hidimar da banki ke cira.

Gaskiya ne ana iya amfani da katin bashi ba a biya ruwa ba?

A katuna da yawa, e, amma da sharaɗi mai tsauri. Banki na rufe lissafin wata a wata rana, ya aiko maka da jimilla, ya ba ka wasu kwanaki. Idan ka biya jimillar duka kafin wa'adin, ba ruwa kan sayayyar. Duka fa, ba kusan duka ba. Idan ana binka 80,000 ka kai 75,000, a yawancin yarjejeniyoyi sassaucin ya faɗi, kuma sabon abin da ka saya bayan nan zai fara haihuwa tun ranar da ka saye shi, har sai ka share lissafin tas.

Ranaku biyu za ka rubuta a bangon shago: ranar rufe lissafi da ranar wa'adin biya. Idan albashinka na shigowa bayan wa'adin, je ka nemi a matsar maka da ranar.

Takarda ta ce in biya 5,000 kawai a wata. Ba sauƙi aka yi mini ba?

Wannan tambayar ce ta sa na zauna rubuta sauran. Wannan ƙaramin adadi shi ne mafi ƙanƙantar abin da zai hana a ci ka tara. Ba a yanka shi don bashin ya ƙare da wuri ba.

Mu koma kan 200,000 ɗinmu da ruwan kashi 18, mu ɗauka ba ka ƙara cin ko sisi ba. Mai biyan 20,000 a wata zai gama cikin wata 11, ruwan da ya bayar wajen 18,000. Mai biyan 10,000 sai ya yi shekara biyu, ruwansa ya kusa 40,000. Mai biyan 5,000 kuwa zai haura shekara biyar, wata 62, kuma ruwan kaɗai ya zarce 107,000, fiye da rabin abin da ya ranta. Duba shekararsa ta farko kawai: ya kai wa banki 60,000 da hannunsa, bai tsallake wata ko ɗaya ba, amma har yanzu ana binsa kusan 174,000. Cikin jaka sittin, ashirin da shida ce ta rage bashi, sauran ta tafi a ruwa. Wanda ke biyan 3,000 shi kam ko jikansa ba zai ga ƙarshen bashin ba, domin ruwan wata kawai yake sharewa.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan harka sun ɗanɗana kuɗarsu. A Amurka, dokar katin bashi ta 2009 ta tilasta wa bankuna su rubuta a takardar wata tsawon lokacin da mutum zai ɗauka idan ƙaramin biyan kawai yake yi. A Faransa, dokar 2010 ta sa dole irin wannan bashi ya ƙare cikin wata 36 idan bai wuce Yuro 3,000 ba, wata 60 idan ya wuce. Ruwa ba ya tsami banza.

Na ga irin wannan a gidanmu, ta hanyar asusu mai nutsewa. Kawuna malamin firamare ne a wajen Pitowa. Wata Babbar Salla albashi bai shigo ba, rago kuma ba ya jira, sai ya ciri 150,000 a kan asusun da babu komai. Da albashin 180,000 ya shigo, banki ya fara kwashe nasa da agiyo, abin da ya rage bai kai 30,000 ba. Gida mai mutum tara, kafin biyar ga wata ya sake nutsewa. Wata goma sha huɗu yana wannan zagaye kamar jakin rijiya. Ranar da ya kawo mini takardun, na jera su a kan tabarma, na bi layin agiyo da jan biro wata bayan wata. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ashe ragon nan har yanzu ina ba shi dusa." Yadda ya fita ba wata dabara ba ce mai zurfi. Kowane wata ya rage zurfin da yake nutsewa da 15,000, aka ɗaure ciki a gida, wata goma ya ga sifiri.

Mene ne TEG da nake gani a yarjejeniya?

Shi ne farashin bashin na gaskiya a shekara, idan an haɗa ruwa da kuɗin buɗe takardu da inshorar dole da sauran abin da sai ka biya kafin a ba ka. Banki biyu na iya ce maka kashi 12, amma TEG na ɗaya ya fi na ɗayan nesa ba kusa ba. Da shi ake gwada bashi da bashi.

A ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta yankinmu, wato Kamaru, Chadi, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, doka ta wajabta a rubuta TEG a yarjejeniyar rance. Akwai kuma iyakar da ba a yarda a haura ba, wadda ake fitarwa lokaci-lokaci bisa matsakaicin farashin da bankuna suka ba da bashi a baya. Babban bankin yankin shi ne BEAC mai hedkwata a Yawunde, hukumar da ke sa ido kan bankuna kuma COBAC ce. Idan ma'aikaci ya ce maka "wannan ba wani abu ba ne, Alhaji, sa hannu kawai", ka ce ya nuna maka layin da yatsa, kuma ka tafi gida da kwafinka.

Wani wuri sun ce kashi 10 kawai, in biya cikin wata goma sha biyu. Ai ya fi 18 araha?

Tambaye su: kashi 10 na me? Idan ka karɓi 120,000 aka ɗora 12,000 tun farko, aka raba 132,000 gida goma sha biyu, kana biyan 11,000 a wata, to ana cajin ka ruwan 120,000 cikakkiya har watan ƙarshe, lokacin da abin da ya rage a hannunka bai wuce jaka goma ba. Idan aka auna shi da ma'aunin da muka yi amfani da shi a sama, na ruwa kan abin da ya saura, wannan kashi 10 ɗin ya kai kusan 18. Riga ɗaya ce aka juya bayanta.

Haka nan mai cewa "kashi 3 kacal". Idan a wata yake nufi, 36 ke nan a shekara.

Zan iya cire tsabar kuɗi da katin bashi a na'ura?

Za ka iya, amma ita ce hanya mafi tsada. Yawanci akwai kuɗin cirewa nan take, ruwa kuma yana farawa daga ranar, babu kwanakin sassauci.

Ina zuwa Dubai da Saudiyya saro kaya. Me zan lura da shi?

Sefarmu a ɗaure take da Yuro, kowane Yuro ɗaya sefa 655.957, ba ya motsi. Dalar Amurka da Dirhami da Riyal da kuɗin Sin kuwa suna hawa suna sauka a kan sefa, don haka abin da za a cire maka ya danganta da canjin ranar da aka kammala lissafin, sannan banki ya ɗora ladansa na sayayya a waje. Ko a ƙasar Yuro ma akan cire wannan ladan. Idan na'urar mai shago ta ba ka zaɓi tsakanin kuɗin ƙasar da kake da wani kuɗi dabam, zaɓi na ƙasar, domin canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada a mafi yawan lokuta.

Dokar canjin kuɗi ta CEMAC da ta fara aiki a 2019 ta sa iyaka: sefa miliyan 5 ga mutum a kowace tafiya wajen yankin, miliyan 1 a wata ga sayayyar intanet. Abin da ya haura haka sai da takardun shaida. Ajiye tikitin jirgi da rasiɗan kaya, banki na iya nemansu bayan ka dawo.

Ga 'yan kasuwa kuma ina ƙara wannan. Kayan da ka saro da katin bashi suna cikin kwantena a teku, ko suna jiran kwastan a Duwala, ko suna kan hanyar Ngaundare, ruwan bai san da wannan ba. Idan wata uku za su yi kafin su iso rumfarka, ruwan wata uku ya shiga farashin sari. Sa shi a lissafi kafin ka yanka wa atamfa kuɗi.

Idan wata ya zo ban samu biya ba fa?

Tara za ta hau, ruwa ya ci gaba, ana iya toshe katin. Idan abin ya daɗe, sunanka na iya shiga rajistar masu bashi da bankuna ke dubawa kafin su ba da rance, sai ka je neman jarin da ya fi wannan muhimmanci a juya maka baya. Kamaru da Chadi duka suna cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci iri ɗaya, kuma dokokinta sun bai wa mai bin bashi hanyar samun umarnin kotu na a biya shi, har a riƙe asusu ko wani yanki na albashi. Idan wani ya tsaya maka lokacin karɓa, shi ma za a ƙwanƙwasa ƙofarsa, kuma wannan kunyar ta fi tarar ciwo.

Kada ka kashe waya ka ɓuya. Je tun kafin ranar ta zo, ka nemi a mai da abin da ya saura rance mai ƙayyadadden wa'adi da biya tsayayye, a rubuce. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ma'aikacin da ke gabanka ba yau ya fara jin irin labarinka ba.

Malam, duk wannan ba riba ba ce?

Ni mai lissafi ne, fatawa ta malamai ce, amma ga abin da yake sananne. Aya ta 275 a Suratul Baƙara ta ce Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, kuma ƙarin da ake ɗora wa bashi saboda jinkiri shi ne ainihin abin da malamai ke kira riba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta yanke cewa bai halatta a fitar ko a yi amfani da katin bashi mai sharaɗin ruwa ba, ko da mai katin ya ƙudurta zai riƙa biya kafin ruwan ya hau. Ta halatta wanda babu wannan sharaɗi a cikinsa, da kuma tsayayyen kuɗin hidima na yin katin. Akwai malaman da suka sassauta wa wanda larura ta kama, kamar mazaunin ƙasar da ba a kama ɗakin otal ko hayar mota sai da irin katin, muddin yana biya duka a kan lokaci.

Katin da ke cire kuɗinka na kanka, da wanda kake zuba wa kuɗi, ba su shiga wannan magana ba, matuƙar asusun bai nutse ba. Mai son kauce wa shubuha yana iya rubuta wa bankinsa cewa kada a bar asusunsa ya wuce sifiri, idan babu kuɗi katin ya ƙi aiki. Wasu bankuna a Kamaru da Chadi kuma suna da sashen hada-hadar Musulunci, inda maimakon su ba ka kuɗi da ruwa, sukan sayi kayan su sayar maka da ribar da aka sani tun farko, wato murabaha. Can ma ka tambayi jimillar abin da za ka biya. Halal ba ta hana tsada.

Ƙananan rancen da ake bayarwa ta waya fa?

Lissafin ɗaya ne, sai dai gajeren wa'adi na ɓoye tsadar. A ce ka karɓi 10,000 ka mayar da 10,500 bayan mako guda. Sefa 500 ba ta da nauyi a ido, amma kashi 5 ne a mako, wanda ya yi haka kowane mako na shekara ya biya 26,000 a kan jaka goma da bai taɓa mallaka ba. Sau ɗaya don a kai yaro asibiti da dare, babu mai ganin laifinka. Matsalar tana ga wanda ya mai da shi cefanen kowace Asabar.

Bashi uku ke kaina: kati, rancen waya, da na wani ɗan'uwa. Wanne zan fara kashewa?

A lissafi, wanda ruwansa ya fi tsada, kana ba sauran abin da zai hana tara. Yawanci na waya ne farko, sai kati. Na ɗan'uwa ba ya haihuwa, amma kada shirunsa ya ruɗe ka. Je ka same shi, ka ce, "Yaya, ga halin da nake ciki, ga watan da zan fara kawo naka," kuma ka cika. Idan kana cikin adashi, kwasarka ta fi amfani a kan uwar bashin kati fiye da sabuwar waya. Wanda ya zuba 100,000 a kan waccan 200,000 ya raba ruwan wata gida biyu nan take, daga 3,000 zuwa 1,500. Ka dai tambaya ko akwai kuɗin da ake cira idan an biya kafin wa'adi, domin wasu rancen masu ƙayyadadden lokaci suna da shi.

Na gama biya, na jefa katin a akwati. Shi ke nan?

Da saura. Kuɗin katin na shekara ko na wata zai ci gaba da fita ko ba ka taɓa shi ba, haka kuɗin saƙon waya da duk wani abu na intanet da ka taɓa ɗaura wa katin yana sabunta kansa. A asusun da babu kuɗi, waɗannan 'yan ƙananan abubuwa su ne ke nutsar da shi, agiyo ya hau kansu, bayan shekara biyu a kira ka a ce ana binka. Akwai kuma ruwan kwanakin da ke tsakanin ranar da aka buga takarda da ranar da ka biya, wanda kan fito a takardar wata mai zuwa.

Rubuta wasiƙar rufe katin kwafi biyu, ka kai da kanka, a buga wa naka hatimi da kwanan wata. Nemi takardar shaidar cewa ba a binka komai. Bayan wata guda ka koma ka karɓi lissafi, ka ga sifirin da idonka, sannan ka sa almakashi ka yanka katin ta kan ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya.